Alhaji ya ƙi tiransifa, ya ƙi sakin shago: laifin tsufa ne?

Wani matashi ya turo min tambaya daga nan Jos. Mahaifinsa ɗan kasuwar hatsi ne a Katako, shekararsa 74, ya fi shekara 40 yana harkar masara da wake da acca. Shi ɗan ya gama jami'a ya dawo shago, amma ya ce Alhaji ba ya son tiransifa, ya hana a sa lissafi a kwamfuta, kuma ko farashin buhu ɗaya ba a yankewa sai an jira shi. Ya ce yana jin labarin ƙasashen da tsofaffi suka yi wa yawa har tattalin arzikinsu ya yi sanyi, shi ne yake tambaya ko abin da ke damun kasuwancinmu da mulkinmu ke nan, kuma yaya zai yi da Alhaji ba tare da ya saɓa masa ba.

Ɗan'uwa, na daɗe ina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi a garin nan, daga Katako zuwa Farin Gada har Bukuru, kuma irin ƙorafinka na ji shi ya fi a ƙirga. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farkon ta fi sauƙi, bari in fara sallamarta.

Najeriya ba ta tsufa ba. Da za a jera 'yan ƙasar nan layi ɗaya, daga jariri zuwa wanda ya fi kowa shekaru, wanda zai faɗo a tsakiya bai wuce ɗan shekara 18 ba. A Japan na tsakiyar yana dab da 50. Can kusan mutum 29 cikin 100 sun haura shekara 65, mu nan kamar 3 ne cikin 100. Jama'ar Japan sun kai miliyan 128 wajen 2008, tun daga nan raguwa suke yi. A Koriya ta Kudu lissafin haihuwa ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023, wato ka tara mata huɗu, 'ya'yansu ba su cika uku ba. Ƙasar Sin ma jama'arta ta fara raguwa a 2022, kuma daga farkon 2025 ta shiga ɗaga shekarun ritaya a hankali, na maza daga 60 zuwa 63. Faransa ta taɓa nata a 2023, daga 62 zuwa 64, ƙasar ta ɗauki zafi da zanga-zanga. Ciwonsu duka iri ɗaya ne: masu aiki da biyan haraji suna raguwa, masu karɓar fansho da kwanciya asibiti suna ƙaruwa. Mu kuwa hannuwa ne suka yi yawa, aikin ya yi kaɗan.

Akwai abu guda a labarin Japan da zai ba ka mamaki. A 2017 ma'aikatar kasuwancinsu ta yi gargaɗin cewa nan da 2025 masu ƙananan kamfanoni sama da miliyan ɗaya za su haura shekara 70 ba tare da magaji ba. Kamfani na cin riba, ma'aikata na nan, amma a kulle shi don babu mai karɓa. Tun da daɗewa suna da al'adar da mai kamfani ke ɗaukar mijin 'yarsa ya mai da shi ɗa, ya ba shi sunan gidan ya gaje shi. Osamu Suzuki, wanda ya ja ragamar kamfanin Suzuki tun 1978 har ya sauka a 2021, ta haka ya shigo gidan. Su suna neman magaji da fitila, Alhaji kuwa magada sun yi masa yawa, abin da yake tsoro ke nan ma. Kuma kada ka ɗauka ƙasar da ke ƙera mutum-mutumi ta tsira daga taurin kan manya: sai a 2024 gwamnatin Japan ta iya raba ofisoshinta da tsohon faifan kwamfutar nan mai kusurwa huɗu da mu ma muka manta da shi.

Tsufansu yana iso mu ta wata ƙofa dabam. Ƙasar da tsofaffinta suka yi yawa tana buƙatar masu jinya, ita kuma ba ta haife su ba, sai ta zo ta ɗebi namu. Kowa a Jos ya san wata nas ko wani likita da ya koyi aiki a nan yanzu yana Ingila ko Kanada ko Saudiyya. Ranar da hawan jini ko ciwon suga ya kwantar da Alhaji, a layin asibiti za ku ji nauyin wannan.

To, ga inda tambayarka ta taɓo gaskiya. Jama'a matasa ne, amma makullan shaguna, takardun filaye, kujerun ƙungiyoyin kasuwa da amanar manyan dillalai duk suna hannun 'yan 60 zuwa sama. Kashi 3 ɗin nan na waɗanda suka haura 65, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 220, ya kai mutum miliyan 6 zuwa 7, kuma su ke riƙe da jari. A siyasa ma haka ne. A watan Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun takara, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Aka yi murna. Da 2022 ta zo, APC ta sa fam ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Doka ta ce shigo, aljihu ya ce tsaya. Maƙwabciyarmu Kamaru tana hannun Paul Biya tun 1982, mafi yawan mutanen ƙasar ba su taɓa ganin wani shugaba ba. Ba zan tsaya kan siyasa ba, na kawo ta ne don ka ga abin da ke shagonku ƙaramin hoton babba ne: wanda kujera ce kaɗai abincinsa da mutuncinsa ba ya tashi don an ce masa ya tsufa.

Yanzu mu zo kan Alhaji, wanda shi ne ainihin maganar.

Na taɓa zama da wani dattijo mai harkar masara, ɗansa ya kira ni in sa musu lissafi a tsari. Na ce ya nuna min littafin bashi. Ya zura hannu aljihun 'yar ciki, ya zaro wani ƙaramin littafi da bangonsa ya yi baƙi don gumi, an ɗaure shi da roba. Rubutun ajami ne. Babu cikakken suna ko ɗaya. Wani wurin “mai kaji na Rikkos, 30”, wani wurin “ɗan marigayi, 12”, wani kuma an ja masa layi biyu ba a rubuta komai ba. Na tambayi ma'anar layi biyun, ya yi murmushi ya mai da littafin aljihu. Daga baya na gane waɗanda ya yafe wa ne, ba ya so ko 'ya'yansa su sani.

Ka ga wannan littafin, shi ne shagon. Buhunan da ke sito kowa da kuɗi zai iya tara irinsu. Abin da ba a saye shi ne sanin wane manomi a Mangu za a ba kuɗin taki da damina ya kawo masara da kaka ba tare da an bi shi ba, wane mai kiwon kaji ne ke biya in ƙwai ya yi kasuwa, wa ake wa magana a hankali, wa sai an haɗa shi da limamin unguwarsu, wane ne mahaifinsa ya tallafi Alhaji lokacin da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002 ko lokacin da rikici ya raba mutane da shagunansu. Duk wannan yana kan Alhaji, kuma shi ya sa ake jiran sa kafin a yanke farashi. Kai da ka ce a sa lissafi a kwamfuta, a ranka sauƙi kake nema. Shi abin da ya ji shi ne: kwashe abin da ke kaina ku zuba inda kowa zai karanta, daga nan ba ku da sauran buƙatata. Sannan kwamfuta ba ta san rufin asiri ba. Buhu biyun da yake aika wa ƙanwarsa duk wata, da bashin amininsa da ya karye wanda ya shekara shida ba a tambaya ba, duk za su fito a allo da jan rubutu, ɗan shekara 28 ya zauna yana tambayarsa dalili.

Rashin yardarsa da banki ma kada ka kira shi jahilci. Mutumin da ya kai 74 ya ga an rufe bankuna 26 a rana ɗaya a Janairun 1998. Ya ga an matse bankuna 89 sun koma 25 a ƙarshen 2005. Ya ga 'yan boko masu wayoyi sun zuba kuɗi a MMM, tsarin damfarar nan na intanet, a 2016 sun tashi a tutar babu. Ko a 2024 an soke lasisin bankin Heritage. In kuma ya taɓa sallamar mota cike da wake saboda alat na bogi, ko ya tsaya da baƙo awa uku ana jiran kuɗin da suka fita daga can ba su shigo nan ba, to yana da hujjar da kai ba ka da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Kuma ni ban yarda cewa shekaru ne ke hana mutum karɓar sabon abu ba, domin na ga akasin haka da idona. Da wayar salula ta shigo a 2001, manyan 'yan kasuwa ne suka fara sayen layi da tsadarsa, saboda jin farashin kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano kafin a loda mota ya fi kuɗin layin. Yau dattawan nan su suka fi kowa tura saƙon murya a WhatsApp. A farkon 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, tsofaffin Farin Gada da suka rantse ba za su taɓa karɓar tiransifa ba, cikin 'yan makonni suka liƙa lambar asusun OPay ko Moniepoint a jikin rumfa, domin tumatir da kabeji ba sa jiran hukuncin Kotun Ƙoli kan canjin kuɗin. Ita kuwa eNaira, nairar intanet da Babban Banki ya ƙaddamar a Oktoban 2021, har matasan ba su kula ta ba, don ba ta warware wa kowa komai ba. Ɗan kasuwa, yaro ko tsoho, yana karɓar abin da ya ga ribarsa a fili kuma bai rage masa iko ba.

Akwai kuma abin da 'ya'ya ba sa lura da shi don kunya ta hana iyaye faɗa. Ido ya yi rauni, rubutun waya ƙanana ne kuma da Turanci. Yatsun da suka shekara 40 suna ɗinkin buhu da auna hatsi sun goge, na'urar banki ta ƙi karanta su, a sa dattijo ya dangwala sau bakwai yarinya sa'ar jikarsa tana cewa ya sake. In alat ya shigo sai ya miƙa wa yaron shago ya karanta masa, wato yaron ya san abin da ke asusunsa. Mutumin da ke lissafin buhu 300 a ka kafin ka gama danna kalkuleta, an mai da shi ɗan koyo a gaban yaransa. Da yawa cikin “ba na so” ɗin da kake ji, “ba na gani” ce.

Sai babban dalili, wanda ba a faɗa. Alhaji ba shi da fansho. Dokar fansho ta 2004 ma'aikata ta shafa, tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu kuwa sai 2019 aka buɗe shi, lokacin ya riga ya tsufa. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, kuma Alhaji ya ga yadda sa'o'insa ke jerin gwanon tantancewa da fayil a hammata. Shi shagon ne fanshonsa, shi ne ofishinsa, shi ne majalisarsa. Ya kuma ga abokansa da suka miƙa wa 'ya'ya komai, bayan shekara biyu sai sun aika a karɓo musu kuɗin cefane. In kana so ya saki, sai ka fara amsa masa tambayar da ba zai taɓa yi maka ba: in na saki, me zan ci, kuma wa zai gaishe ni?

Shawarata, kada ka fara da littafin. Fara da karɓar kuɗi, domin nan ne ake asarar ciniki a gabansa yana gani. A buɗe asusu da sunan kasuwancin, shi ne mai sa hannu, alat kuma wayarsa yake shiga. A saya masa waya mai babban allo, a ƙara girman rubutu, a samo tabarau na gaske daga asibitin ido, ba na tire ba. Kai ka riƙe POS, shi ya riƙe ikon fitar da kuɗi. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗa ya buɗe asusu da sunansa don sauri, cinikin shago ya riƙa shiga can. Ko da zuciya ɗaya ka yi, ranar da 'yan uba suka ji, ka zama ɓarawo, kuma ba ka da bakin kare kanka. Rajistar kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta da wuya yanzu, dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai, don haka Alhaji zai iya mallake shi duka a takarda ba tare da ya ji an raba shi da komai ba.

Littafin bashi kuwa akwai ƙofar da ake shigar masa, kuma ba ta kwamfuta ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Alhaji ya san ta, ya kuma san bashi ba ya faɗuwa da mutuwa. Dattijon da zai kore ka in ka ce masa zamani ya canza zai saurare ka in maganar ita ce kada haƙƙin wani ya bi shi kabari, ko nasa ya salwanta a hannun mutane. Fara da abin da ake binsa, ya fi sauƙin faɗa. Sannan manyan basussukan da yake bi. Masu layi biyun ka bar masa abinsa, ba naka ba ne. Kuma in da hali kada maganar ta fito daga bakinka. Ɗa ba ya yi wa uba zancen bayan rai, sai a ce ya ƙosa. Nemi amininsa ko ƙaninsa ko malamin da yake jin nauyi.

Dole in faɗa maka wata gaskiya da ta shafe ka kai kanka. Duk shekarun da kake yi a shagon nan, in babu albashi ko kaso da aka ambata aka rubuta, ranar da ta Allah ta kasance shagon gado ne gaba ɗaya. Matan Alhaji su raba tumuni, sauran a raba wa 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, da wanda ya yini a Katako da wanda bai san ƙofar shagon ba duk ɗaya. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Kyauta a mazhabarmu ta Malikiyya sai an yi hauzi, wato abin ya koma hannun wanda aka ba tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. “Ai Baba ya ce shagon nawa ne” ba ta tsayawa a gaban alƙali. A nan ne yawancin kasuwancinmu ke mutuwa: jarin da ke sayen tirela goma a dunƙule, in aka kasa shi gida goma sha bakwai ba ya sayen komai, manoma da dillalai kuma su koma wurin wani. Gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 amma zuriyarsa ke kasuwanci har yau, ana ambatonsa ne don irinsa ba su da yawa. Mafita tana cikin fiƙihun da Alhaji ya yarda da shi: ƙiradi, jari nasa, aiki naka, riba a raba bisa kason da kuka amince, a rubuta da shaidu, 'yan'uwanka su sani. Ko ya ware maka layi ɗaya, a ce acca ko waken suya, ka juya shi da tsarinka na waya da kwamfuta, bayan kaka biyu a zauna a duba. Ku haɗa da malamin da ya san rabon gado da lauya, kowanne da inda ya fi gani.

Kai ma akwai aiki a gabanka. Iya danna waya dabam, iya kasuwa dabam. Za ka iya zura hannu cikin buhu ka gane masarar da ba ta bushe ba? Ka ciza ƙwaya ka san ta bara ce ko ta bana? Ka kalli wake ka san an zuba masa magani? In ba ka iya ba, Alhaji yana da dalilin cewa a jira shi. Ka riƙa bin sa kasuwannin ƙauye, ka zauna a bayansa in yana ciniki, ka bari ya gabatar da kai da bakinsa. Amanar manomin da ya shekara 25 yana kawo masa kaya ba ta shiga kwamfuta, sai dai ya ɗora hannunka a nasa ya ce wannan ɗana ne.

Abu na ƙarshe ƙarami ne, amma na ga ya rusa gida. Wani da nake wa lissafi ya rasu ba zato, da azumi. Kuɗin shago suna banki, wayarsa a kulle, babu wanda ya san lambar buɗewa. Da aka je sabunta layin sai aka tarar ba da sunansa aka yi rajista ba. Lokacin da aka tilasta haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, layin jama'a ya yi masa tsawo, sai wani yaron shagonsa ya haɗa masa da tasa lambar. Yaron ya bar aiki tuni, an ce yana Legas. Duk saƙon banki da lambobin masu bashi suna kan layin. Kafin a gama zirga-zirgar kotu da takardun gado, kaka ta zo ta wuce ba su sayi buhu ɗaya ba, masu bashi da yawa kuma suka yi shiru abinsu. Saboda haka a makon nan, kafin zancen POS ko ƙiradi, ka karɓi wayar Alhaji cikin ladabi ku je ofishin kamfanin layin tare, a duba sunan wa ke kai, a kuma tabbatar shi ne sunan da ke kan BVN ɗinsa.